Neman kalmar Hausa: wane suna ya dace da jirgin da Turawa ke kira airboat?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu rubutu da fassara. Akwai wata kalma da ta tsayar da ni tun ranar da na zauna rubuta labarin zagayen da na yi a dausayin Everglades, a kudancin jihar Florida ta Amurka, kuma na ga ya fi kyau in kawo ta gabanku a yi mata taron dangi da in yanke hukunci ni kaɗai. Kalmar ita ce airboat, sunan jirgin da ake ɗaukar masu yawon buɗe ido a cikinsa domin su ga kadoji da tsuntsaye da sauran halittun wannan wuri. Ina da sunan da zuciyata ta kwanta da shi, amma sai na fara bayyana abin, domin ba a raɗa wa yaro suna kafin a ga fuskarsa.

Jirgi ne mai shimfiɗaɗɗen ƙasa kamar faranti, yawanci na alminiyum, kuma babu wani abu nasa da ke nutsewa cikin ruwa. Injinsa, wanda kan zama na mota ko na ƙaramin jirgin sama, yana ɗaure ne a sama ta baya, yana juya wata ƙatuwar farfela da ta kai tsayin mutum, an kewaye ta da kejin ƙarfe saboda kada ta taɓa mutum ko reshen itace. Iska take turawa baya, shi kuma jirgin ya zame gaba a kan ruwa. A bayan farfelar akwai faifai a tsaye waɗanda ke karkatar da iskar dama ko hagu, kuma da su ake juya jirgin. Matuƙi yana zaune a kan wata kujera mai tsawo, sandar juyawa a hannunsa na hagu, totur a ƙarƙashin ƙafarsa. Ba shi da burki, ba ya kuma ja da baya. Idan ana so ya tsaya, sai a saki totur a bar ruwa da ciyawa su rage masa gudu.

Wurin ne ya haifi wannan siffa. Everglades ruwa ne mai faɗi ƙwarai wanda ke malala a hankali daga tabkin Okeechobee zuwa tekun kudu, kuma a wurare da yawa zurfinsa bai kai gwiwa ba. Wata doguwar ciyawa mai gefe kamar haƙoran zarto ta rufe shi, har mutanen Seminole, waɗanda suka daɗe a yankin, suke kiransa da sunan da ke nufin ruwa mai ciyawa. Jirgin da farfelarsa ke cikin ruwa ba zai yi nisa ba a nan, domin ciyawa za ta naɗe ta ko laka ta kama ta. Shi ya sa masu farautar kwaɗi na Florida suka rungumi wannan jirgi tun shekarun 1930, duk da cewa asalinsa ya girmi haka: ana danganta na farko da wanda aka ƙera a Nova Scotia ta Kanada a 1905 ƙarƙashin jagorancin Alexander Graham Bell, mutumin da aka fi sani da wayar tarho.

Hanya mafi sauƙi ita ce mu ari kalmar mu ce eyabot, yadda muka ari mota da babur. Ban ƙi aro ba, amma wannan aron yana da matsala a kunne, domin tsakaninsa da eyafot, wato filin jirgin sama, harafi ɗaya ne kawai. Wanda ya ji an ce an tafi eyabot a rediyo zai ɗauka tafiya ƙasar waje ake nufi. Bayan haka, kalmar ba ta nuna wa mai karatu komai, alhali abu ne da yawancin masu karatunmu ba su taɓa gani ba.

Fassarar kai tsaye ita ce jirgin iska, kuma na san ita ce za ta fara zuwa bakin mutane da yawa. Ina ganin ba za ta yi ba. Bahaushe ya saba raɗa wa jirgi suna da inda yake bi: na ruwa, na ƙasa, na sama. Idan ka ce jirgin iska, hankalinsa zai tafi ga abin da ke tashi, ko kuma ga jirgin ruwa mai filafilan ƙyalle wanda iskar Allah ke kaɗawa. Wannan kuwa ba ya tashi, ba ya kuma jiran iska ta kaɗa, shi ne yake ƙirƙirar tasa. Ga shi kalmar iska tana ɗauke da wasu ma'anoni a Hausa waɗanda ba ma so su bi sunan duk inda ya je.

Wani malami da na tuntuɓa, wanda ya daɗe a aikin fassara, ya ce a kira shi jirgin fadama ko jirgin dausayi, tunda hakan ya bi tsarin da na ambata. Malam, wannan shawara ta fi sauran ƙarfi, kuma na yi kwanaki ina juya ta. Abin da ya hana ni karɓa shi ne jirgin bai tsaya a dausayi ba. A watan Agustan 2005, lokacin da guguwar Katrina ta sa ruwa ya mamaye birnin New Orleans, da irin waɗannan jirage aka riƙa bin tituna ana kwaso mutane daga gidajensu. A yankuna masu tsananin sanyi kuma, masu aikin ceto suna hawa da su kan ƙanƙarar tabkuna, inda jirgin ruwa ba zai iya ba, mota ma ba za ta iya ba. Idan muka ce jirgin dausayi, ranar da za mu fassara labarin ambaliya sai sunan ya ba mu kunya. Sannan akwai ƙananan kwale-kwale na filafili da ake shiga dausayin da su, waɗanda su ma suna da haƙƙin wannan suna.

An kuma ce mini jirgi mai farfela. Gaskiya ne abin da ke bayansa farfela ce, amma kusan duk jirgin ruwa mai inji yana da ita, nasa a ɓoye take cikin ruwa. Sunan bai raba shi da kowa ba.

Abin da nake ba da shawara shi ne jirgin fanka. Ga dalilina, kuma daga abin da idona ya gani na ɗauko shi. Mun hau ne a gefen babbar hanyar Tamiami, wadda ta haɗa Tampa da Miami tun 1928, inda masu wannan sana'a suke jere, ciki har da 'yan ƙabilar Miccosukee. Kafin a tada inji an raba mana abin toshe kunne. Na waiwaya na ga kejin nan mai zagaye da fukafukai a ciki, kuma babu abin da ya zo mini a rai sai fankar tsaye da ake ajiyewa a ɗaki, an dai ninka girmanta. Da matuƙin ya taka totur, sai ciyawar da ke bayanmu ta kwanta kamar an bi ta da hannu, ruwan ya watse, hular wani fasinja ta tashi. Duk wanda ka nuna wa hoton jirgin nan, kejin da abin da ke ciki zai fara gani, kuma kalmar fanka ce za ta fito daga bakinsa kafin ya tuna da farfela. Farfela tana iya zama a ruwa ko a sama, amma fanka iska kawai take kaɗawa, kuma wannan shi ne ainihin abin da ya bambanta jirgin da sauran.

Na san za a ce fanka don sanyaya jiki aka yi ta, ba ta tura kaya. Amsata ita ce Hausa ba ta taɓa jin nauyin faɗaɗa kalma ba idan kama ta bayyana. Jirgi kansa a ruwa ya fara, sannan muka ɗora shi a kan dogo, muka kuma kai shi sama. Mun dubi yadda wani jirgi ke sauka muka ce mai saukar ungulu, kuma ba wanda ya taɓa ɗauka tsuntsu ake nufi. Haka nan muna raɗa wa abu suna da abin da ke tafiyar da shi, kamar murhun gawayi da motar lantarki, don haka jirgin fanka bai fita daga tsarin harshen ba. Fanka ita ma baƙuwa ce a asali, amma ta daɗe har ta zama 'yar gida. Su kansu Amurkawa wasunsu suna kiran jirgin fanboat, ko da yake ban dogara da wannan ba. Da ba su faɗa ba ma, idon Bahaushe zai kai shi nan.

Na zaɓi jirgi a kan kwale-kwale saboda waɗanda ake yawon buɗe ido da su sukan yi girma, da layukan benci da ke ɗaukar mutane da dama, kuma kwale-kwale yana kawo hoton ƙaramin abu na katako. Jam'in ma ya zo da sauƙi: jiragen fanka. Sai dai a kula kada a haɗa shi da hovercraft, wanda shi yana hura iska ƙarƙashinsa ne ya ɗaga kansa daga kan ruwa. Namu a kan ruwan yake zamewa, kuma wancan yana bukatar nasa sunan dabam.

Akwai wani abu da nake so sunan ya riƙa tuna mana, wato ƙara. Jirgin nan yana da ruri mai tsanani, kuma a ganina duk wanda zai rubuta labarin irin wannan yawo da Hausa bai kamata ya ɓoye hakan ba. Lokacin da muke gudu, zalɓe da sauran tsuntsayen bakin ruwa tashi suke yi tun daga nesa. Abin da na gani da kyau duka na gan shi ne bayan matuƙin ya kashe inji a wani buɗaɗɗen wuri mai cike da bado. Shiru ya sauka, sai ga wani abu da na ɗauka kututture ne ya buɗe ido. Kada ne, hancinsa da idanunsa kawai ke sama, bai fi taku biyar daga gefen jirgin ba. A kan wani busasshen reshe kuma wani baƙin tsuntsu mai dogon wuya ya baza fukafukansa yana shanya su, domin nutso yake yi ya kamo kifi kuma gashinsa yana jiƙewa. Saboda wannan ƙara da kuma sawun da jiragen ke bari a ciyawa, hukumar gandun dajin Everglades, wanda aka kafa a 1947, ba ta yarda su shiga yawancin gandun ba, sai wani yanki na arewa maso gabas da aka ƙara masa a 1989. Dokar Florida kuma ta hana ciyar da kadoji, domin kadan da ya saba karɓar abinci a hannun mutum ya daina tsoronsa. Wanda ya fi samun rabo shi ne wanda ya je da rani, tsakanin Disamba da Afrilu, lokacin da ruwa ke janyewa dabbobi su taru a 'yan wuraren da ya rage.

Tunda na ambaci kada, ga wata ƙaramar matsala da ta biyo baya. Turanci ya raba alligator da crocodile, kuma kudancin Florida ne kaɗai wurin da nau'o'in biyu ke zaune tare a daji. Mu kalma ɗaya muke da ita. Wanda ake gani daga jirgin fanka kusan kullum na farkon ne, mai duhun fata da faffaɗan baki, mazaunin ruwan daɗi, yayin da ɗayan mai siririn baki ya fi son gaɓar teku inda ruwa ke da gishiri. Ina ganin kada ya isa a yawancin rubutu, idan kuma bambancin ya zama dole sai a ce kada mai faffaɗan baki da kada mai siririn baki. Wurin kansa na kira shi dausayi ban ce fadama ba, domin fadama tana kai hankali ga noman rani, nan kuwa ruwa ne da ciyawa iya ganin ido. Mai tuƙin shi ne kuma mai bayani, don haka matuƙi ko ɗan jagora duk sun yi, gwargwadon aikin da yake yi a jimlar.

Na gwada sunan a jimloli uku don in ji yadda yake zama a baki. Masu yawon buɗe ido sun zagaya dausayin a jirgin fanka. An tura jiragen fanka domin ceto waɗanda ambaliya ta rutsa da su. Matuƙin jirgin fankan ya kashe inji da ya hango kada. A ta ukun ne kawai na ɗan yi jinkiri, tsakanin fankan da fankar, kuma na tsaya a kan fankan saboda jirgin ake nunawa, shi kuwa namiji ne. A karon farko da sunan zai fito a cikin labari, ina ba da shawarar a raka shi da gajeren bayani, a ce jirgin ruwa mai ƙatuwar fanka a baya, daga nan a ci gaba da gajeren sunan. Malamai masu nazarin nahawu, ina jiran gyaranku a kan wannan jimla ta uku musamman.