Gwajin tsokar saman allon kafaɗa: ciwo ne ko rauni?

Ɗalibar_Fisiyo: Salamu alaikum. Ina koyon gwajin Jobe na tsokar sufrasfinatus ta kafaɗa, inda mutum ke ɗaga hannu babban yatsa na kallon ƙasa, a danna hannun a ga ko zai iya riƙewa. Dattijon da na duba ya yamutse fuska tun ban danna ba, hannun ya sauka. Tsokar ta yage ke nan?

Malam_Gashi: Wa alaikumus salam, ƴata. Kar ki yi saurin yanke hukunci. Tsokar nan daga kwarmin saman allon kafaɗa take tasowa, jijiyarta ta ratsa ƙarƙashin ƙashin da ya yi wa gaɓar kafaɗa rufi, ta manne a kan ƙashin damtse. Wurin matsattse ne, juya babban yatsa ƙasa kuwa ƙara matse shi yake yi. Zafi kaɗai ya isa ya kayar da hannu. Maimakon haka, ki sa ya ɗaga hannun ta gefe digiri 90, ya karkato gaba digiri 30, yatsan na kallon sama, ki danna a hankali. Ni wannan na fi yarda da shi.

Yayar_Asibiti: Kuma ki gwada kafaɗa mai lafiyar tukuna. Ki lura ko yana ɗage kafaɗa wajen kunne, wata tsokar ce ke karɓar aikin.

Ɗalibar_Fisiyo: Ya kuwa ɗage ta, Yaya! Gobe zan sake, in dafa allon kafaɗar.