Shin kowane sauyin harafi ɗaya a DNA cuta yake haifarwa?

Ɗalibar Kongo:
Assalamu alaikum. Na karanta cewa DNA ɗin kowane mutum biyu, wato bayanin gadon halitta da ke jikinsu, ya yi daidai da kusan kashi 99.9 cikin ɗari, kuma mafi yawan bambancin da ya rage sauyin harafi ɗaya ne a wani gurbi, abin da masana ke taƙaitawa da SNP. Shin kowane irin wannan sauyi cuta yake haifarwa, tun da an ce daga nan sikila ta samo asali? Idan haka ne, me ya sa gwajin da ake yi kafin aure bai wuce AA, AS da SS ba?

Malamin Samaru:
Wa alaikumus salam, Malama. A'a, ba kowanne ba. DNA ɗin ɗan Adam jeri ne na haruffa huɗu, A, C, G da T, wanda tsawonsa ya kai kimanin biliyan 3, kuma idan aka gwada na mutum ɗaya da jerin da masana suka ɗauka a matsayin ma'auni, akan sami bambanci a gurabe miliyan 4 zuwa 5. Da kowannensu cuta ne, da babu mai lafiya a doron ƙasa. Mafi yawansu suna faɗawa ne a sassan da ba su tsara furotin, wasu kuma suna sauya harafin ba tare da sun sauya abin da jiki zai ƙera ba.

Sikila ta fita daban ne saboda gurbin da sauyin ya faɗa. A ƙwayar gado ta HBB, a kan kuromosom (ƙunshin DNA) na 11, GAG ya koma GTG, sai tubali na shida na wani sashen himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, ya canza, shi ya sa jajayen ƙwayoyin jini ke lanƙwashewa kamar lauje idan iskar oksijin ta yi ƙaranci. Dalilin yawaitarsa a ƙasashenmu kuwa, tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani.

Mai aikin ɗakin gwaji, Tudun Wada:
Malam, ku ba ni dama in ƙara da abin da ya shafi sana'armu. Gwajin da aka saba yi kafin aure ba DNA yake karantawa ba, himogulobin ɗin kansa ake rarrabewa da wutar lantarki, sai a gane irin wanda mutum ke ɗauke da shi. Kuma akwai na uku da ake yawan mantawa, wato C, wanda a wannan gurbin dai GAG ya koma AAG. Ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, amma muna da shi a Najeriya, kuma idan mai AS ya auri mai AC za su iya haifar mai SC, wanda shi ma nau'i ne na sikila. Saboda haka kada a ce wa mai AC ba shi da abin dubawa.

Malamin Samaru:
Gaskiya ne, na gode da wannan ƙari. Hawan jini da ciwon suga irin na manya kuwa, ba a gwada gadonsu haka saboda gurabe ɗaruruwa ne ke taruwa, kowanne da ɗan tasirinsa kaɗan, sannan abinci da yanayin rayuwa su shigo da nasu rabon.

Ɗan Sabon Gari:
Abin da ya fi damuna shi ne su wa aka bincika. Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambancin ƙwayoyin gado, amma mafi yawan waɗanda aka yi manyan binciken cututtuka a kansu 'yan asalin Turai ne. A aikin HapMap na tsara taswirar bambancin ƙwayoyin gadon ɗan Adam, wanda aka ƙaddamar a 2002, Yarabawan Ibadan ne suka fara wakiltar Afirka baki ɗaya, alhali ko a cikin Najeriya ba za a ɗauki sakamakonsu a ɗora wa kowa ba. Dubi Fulani: da yawansu suna ɗauke da sauyin da ke bari babba ya narkar da ɗanyar madara ba tare da ciki ya ɓaci ba, kuma irin wanda ake samu a Turai ne, yayin da makiyayan Kenya da Tanzaniya suke da wani sauyin dabam a kusa da wurin, mai yin aiki iri ɗaya. Shirin H3Africa na binciken ƙwayoyin gado da lafiya a Afirka ya rage giɓin, sai dai a ganina har yanzu duk wani kamfani da ya ce zai faɗa wa Bazazzagi haɗarin kamuwarsa da ciwon zuciya daga yawunsa, da ma'aunin wasu mutane yake auna shi.

Ɗalibar Kongo:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malam, wata tambayar kuma: idan iyaye biyu AS ne kuma ɗansu na fari ya zo SS, shin na biyu ya tsira?

Malamin Samaru:
Bai tsira ba. Kowane ciki da nasa lissafin: ɗaya cikin huɗu SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA, ko da me aka haifa a baya.