Neman kalma: me za mu kira "collective bargaining" da Hausa?

Abu Safiyya (Madina): Salamu alaikum. Gobe bayan Isha zan gabatar wa ɗalibanmu na nan bayani kan rikicin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, da gwamnatin Najeriya, kuma da Hausa aka ce a yi. Inda na maƙale shi ne "collective bargaining", abin da Larabawa ke cewa mufawada jama'iyya. Wato ƙungiya ta zauna da mai ɗaukar aiki a madadin malamai da masu bincike gaba ɗaya, a tsayar da albashi, alawus da sharuɗɗan aiki, a sa hannu. Irin zaman da ya haifar da yarjejeniyar 2009. A taimaka kafin Azahar.

Malama Rabi (Jidda): Tattaunawa. Ita gidajen rediyo ke faɗa, kowa zai gane.

Dakta Ilyasu: Malama, tattaunawa ta yi sanyi. Ana iya tattaunawa a sha shayi a watse ba a ƙulla komai ba. A nan kuwa kowane ɓangare yana riƙe da abin da ɗayan ke tsoro: malamai na da yajin aiki, gwamnati na da "ba aiki, ba albashi". A 2022 an rufe azuzuwa daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, aka riƙe albashi, sai da kotun ma'aikata ta shiga. Wannan ciniki ne. Ana tayi, ana cewa albarka, kafin a sallama.

Malam Ɗanjuma (Makka): Na samo muku ita: cinikin gayya. Kamar aikin gayya, kowa ya fito da fartanyarsa a gona ɗaya. Gajera ce, tamu ce, ba aro.

Malama Rabi: Mai sauraro zai ji kamar ciniki ne da gayya, don a ƙuntata wa wani. Kuma ni ciniki ne ma bai kwanta min ba. Farfesa ne fa ke zaune a teburin, ba mai tumatir ba.

Malam Ɗanjuma: Wanda ya tashi a ƙauye ba zai rikita gayyar noma da gayyar mugunta ba. Na sha amfani da cinikin gayya a karatu, ba wanda ya ɗaga gira.

Ummu Faisal (Makka): Mu nan mufawada muke cewa, ko iyayenmu haka suke faɗa. Tunda ɗaliban sun iya Larabci me zai hana?

Malam Ɗanjuma: Hajiya, da Hausa aka ce. In muka bi Hausar gidajen Makka rabin jawabin Larabci zai koma.

Ummu Faisal: Malam, wannan maganar ta yi min zafi. An haife ni a nan, kakana da ƙafa ya iso, kuma har yau da Hausa nake yi wa jikokina faɗa. Albashi, sharaɗi, alawus, wanne ne a cikinsu ba aro ba? Naku aron ya zama Hausa, namu ya zama gurɓata?

Dakta Ilyasu: Hajiya tana da gaskiya kan aro. Amma akwai wani abu. A Saudiyya babu ƙungiyoyin ƙwadago, kwamitin ma'aikata kawai aka yarda da shi a manyan kamfanoni, kuma malamin jami'a baƙo shi kaɗai yake sa hannu a kwantiraginsa. Yaron da ya girma a nan in ya ji mufawada, zaman sulhun ƙasashe zai tuna. Dole kalmar ta nuna cewa baki ɗaya ake magana. Wannan haƙƙin ne yarjejeniya ta 98 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta kare tun 1949.

Abu Safiyya: Allah ya huci zuciyar Hajiya. Dakta, yaya ka ga "cinikin sharuɗɗan aiki a ƙungiyance"?

Malam Ɗanjuma: Wannan jimla ce, ba kalma ba. Kafin ka gama faɗinta an kira sallah.

Malama Rabi: A ƙungiyance ta yi. Ciniki ne dai har yanzu. Kuma ka shirya wa kalma ta biyu: kwamitocin Babalakin, Munzali Jibril da Nimi Briggs duk an kafa su ne don a sake duba yarjejeniyar 2009. Wannan ma sabon ciniki za ka ce?

Abu Safiyya: Wannan "sake zaman yarjejeniya" zan ce. Ta farkon kuwa zan faɗe ta cikakkiya sau ɗaya in yi bayani, daga nan in riƙa cewa ciniki a ƙungiyance. Zan ambaci mufawada jama'iyya saboda 'yan nan.

Malama Rabi: To. Amma in rubutawa za ka yi, ni tattaunawa zan gyara maka.

Malam Ɗanjuma: Ku yi yadda kuka ga dama. Ni a ajina cinikin gayya ce. Ƙarfe nawa za a fara, kuma a wane masauki?