Kallon finafinan batsa a intanet yana sa maza masu neman maza su bar kwaroron roba?

Mai_wayar_da_kai:
Salam, 'yan'uwa ma'aikatan lafiya. Ana yawan cewa maza masu neman maza, da masu neman maza da mata, suna barin kwaroron roba saboda abin da suke gani a finafinan batsa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar? Kuma me za a faɗa wa wanda ya zo neman shawara?

Jami'in_rigakafi:
Wa'alaikumus salam. Akwai alaƙa. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa irin abin da ake kallo ya fi yawan kallon tasiri: wanda akasarin finafinansa babu roba a ciki, shi aka fi samu yana saduwa ba roba. Sai dai a lura, wanda dama ba ya son roba shi ma irin fim ɗin zai nema, don haka ba a ce fim kaɗai ke jawowa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da kyamara ke ɓoyewa. A manyan kamfanonin Amurka ana yi wa 'yan wasa gwajin cututtuka duk kwana 14, da yawansu na shan maganin rigakafin HIV, sannan a yanke inda ake sa man santsi daga fim ɗin. Mai kallo bai ga ko ɗaya ba.

Nas_Asibiti:
Malam, ka nuna wa mai neman shawarar yadda ake sa robar, don yawancin fashewar roba daga kuskuren hannu ne. Ya duba ranar ƙarewar wa'adi, ya yaga ledar da yatsa ba da haƙori ba. Ya matse ɗan bakin robar iska ta fita, sannan ya warware ta har gindi tun kafin a fara. Da ya kawo, ya riƙe ta daga gindi ya zare kafin gaba ya kwanta. Kada ya haɗa biyu, gugar juna ke yaga su.

Babban abu shi ne man santsi, domin dubura ba ta fitar da ruwa da kanta, fatarta kuma siririya ce mai saurin tsagewa. A yi amfani da mai haɗin ruwa ko na silikon, a ƙara idan ya bushe. Basilin da man shafawa suna cinye roba cikin ɗan lokaci. Ajiye ta a aljihu ko wuri mai zafi ma yana lalata ta.

Likitan_HIV:
Ƙari kan bayanin Nas. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun nuna haɗarin kamuwa da HIV a saduwa ɗaya da mai cutar ba tare da kariya ba ya kai kusan 138 cikin 10,000 ga wanda ake shiga, 11 cikin 10,000 ga mai shiga. Wanda ya san ba zai ɗore da roba ba, a yi masa maganar PrEP, wato maganin rigakafin HIV da ake sha tun kafin saduwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa ga duk mai fuskantar babban haɗari tun 2015. Sai an gwada an tabbatar ba shi da HIV, kuma mai shan ƙwaya kullum yana buƙatar kamar kwana 7 kafin ta kare shi sosai. Ƙwayar PrEP ba ta hana ciwon sanyi ko tunjere.

Idan roba ta fashe, ya garzaya asibiti a ba shi PEP, maganin gaggawa na hana kamuwa da HIV bayan saduwa, kafin awa 72 su cika, ya sha kwana 28 ba fashi.