Abin da aka tattauna a majalisarmu kan iska da shan man mota

Jiya da daddare a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura a Katsina hirar mai ce ta tashi, dama tun da aka cire tallafi a 2023 kowa neman dabara yake. Ga abin da na tsinto.

Wani bakanike cikinmu ya ce iska ita ce ke cinye mai a babbar hanya, in ka ninka gudu, turjiyar da take yi ma mota sai ta ninka sau 4, shi ya sa mai tafiya Kano a 120 yake ƙone mai fiye da mai tafiya 90. Cikin gari kuwa ba ta da wani tasiri sosai.

Abu na farko da kowa ya yarda da shi, a cire kariyar saman mota, wato ƙarfen ɗora kaya, in ba kaya za a ɗauka ba, sannan buhunan nan da ake ɗaurewa a but ɗin mota a bar shi a buɗe a hanyar Daura, wallahi mai suke sha. A rufe gilas in ana gudu.

Wani ya kawo shawarar liƙa faffaɗar roba a ƙarƙashin mota don iska ta wuce sumul, yana aiki kam, amma a nisanta ta da salansa kar ta narke, kuma a ɗaure da kusoshi sosai saboda ramuka.

Toshe gaban lagireto don rage turjiyar iska kuwa ni dai ban yarda ba, masu yin haka a ƙasashen sanyi suke, zafin Katsina na watan Afrilu sai injin ya tafasa maka a hanya. Iskar taya ma a riƙa dubawa duk sati, da safe kafin tayar ta yi zafi.