Muhawara: Shin waya na iya ɗaukar wasan ƙwallon yara da yamma a cikin hazo?

Mai Hoto, Mabera: Assalamu alaikum iyayen yara. Na ga hotunan wasan jiya, kuma zan faɗi magana ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Muddin hazo ya sauka kuma an wuce ƙarfe biyar da rabi, waya ba ta ɗaukar wasan ƙwallo, ko ta nawa ce. Ku duba da kyau: raga ta fito, dogonyaron bayan fili ya fito, amma ƙafafun yara da ƙwallon duk jirwaye ne.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Haba Malam, wagga magana ta yi tsauri. Wayata na da tsarin ɗaukar dare. Walima na ɗauka da ita bayan isha'i a Runjin Sambo, kowa ya fito tas. Mi zai hana ta ɗauki yara alhali da sauran rana?

Mai Hoto: Alhaji, mutanen walima a zaune suke. Tsarin daren nan hotuna da yawa yake ɗauka cikin daƙiƙa ɗaya ko fiye, ya haɗe su wuri guda. Yaro mai gudu kuwa kafin daƙiƙa ta cika ya bar wurin da mitoci. Kafin a tsayar da shi cak a hoto, sai kyamara ta ƙyafta a 1/500 na daƙiƙa, in ana son ƙwallon ma ya tsaya a kai 1/1000. Ƙyaftawa mai sauri haske kaɗan take bari ya shiga, sensar waya kuma, wato abin da ke kama hasken a cikinta, ƙarama ce. Da haske ya ragu sai wayar ta rage saurin da kanta ba tare da ta tambaye ka ba.

Maman Khalifa: To Malam, mu da ba mu da kuɗin kyamara mu naɗe hannu ke nan? Ni bidiyo nake yi, in na koma gida in tsayar da shi inda nake so in ciro hoton. Kakarsa da ke Wurno ta gani ta gane jikanta, ni buƙata ta biya.

Mai Hoto: Hajiya ban raina wannan ba wallahi. Sai dai bidiyon ma da duhu ya fara, kowane hoto da ke cikinsa yana jan ƙafa, saboda dalili ɗaya ne.

Kawu: Ku dakata yara. Ni tun zamanin fim nike wanga aiki, lokacin da fim mai lamba 400 shi ne mafi kama haske da muke samu, kuma mun ɗauki wasa a filin Giginya da shi. Inda na saɓa da kai ɗana shi ne ɗora laifi ga hazo. Hasken hazo ya fi ranar watan Afrilu alheri ga fuskar baƙin mutum. Rana mai zafi tana cika ramin ido da inuwa, ga rairayi na walƙiya yana ruɗin kyamara, sai fuska ta fito baƙi ƙirin. Hazo shina tausasa hasken, fuskar yaro ta fito da kamanninta. Abin da hazo ke ci shi ne nisa. Duk taku ɗaya tsakaninka da yaro ƙura ce ta ƙaru, shi ya sa hoton wancan gefen fili ke fitowa fari-fari ba armashi. Wanda ya tsaya tsakiyar layi yana jawo hoto daga nesa ya sha wahalar banza, da waya ko da kyamara. A koma kusa da raga, a ba rana baya, a durƙusa daidai tsayin yaran, a jira wasa ya iso.

Baban Sadik: Allah ya ƙara girma Kawu. Ashe ba wayar ce matsala ba.

Kawu: Ban ce haka ba Alhaji. Har biyar da rabi ina bayanka. Daga nan Mai Hoto ke da gaskiya, don nan Sakkwato da rana ta kusa faɗuwa cikin ƙura haske tahiya yake yi da sauri, kafin kiran magariba ya ƙare sarai.

Ɗan Auta: Yaya Mai Hoto, ni kyamarar wana nake ara, gilashinta mai jawo nesa ne, 55-250, in na jawo har ƙarshe ƙofar shigar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/5.6. Ina jin tsoron wuce 800 a ISO, wato ma'aunin ƙarfin kama haske na kyamara, saboda tsaki-tsakin da ke fitowa. In kunna filashi?

Mai Hoto: Kada ka kunna. Filashin jikin kyamara bai wuce 'yan mitoci, kuma ƙurar da ke gaban gilashi zai haska, hoto ya cika da fararen ɗigo. Ga shiga idon mai tsaron gida. Tsoron ISO kuma ka ajiye shi. Duk ninki ɗaya na ISO yana ba ka damar ninka saurin ƙyaftawa: in 800 ya tsayar da kai a 1/125, to 3200 zai kai ka 1/500. Tsaki-tsaki ana rage shi a kwamfuta, kuma da WhatsApp ya matse hoton da ƙyar ake ganinsa. Jirwaye kuwa ba shi da magani. In ka samu hali nemi gilashin 50mm f/1.8, yana cikin mafi araha, kuma hasken da yake shigarwa ya kusa ninki goma na f/5.6. Ba ya jawo nesa, sai ka bi shawarar Kawu. Amma ka ɗaura shi tun daga gida. Kwance gilashi a fili cikin hazo zuba wa sensa ƙura ne, kuma kada ka goge shi da bakin riga, yashi na karce shi.

Maman Khalifa: Da damina fa? A watan Agusta hadari ya taso mana daga gabas ana tsakiyar wasa, cikin 'yan mintuna gari ya rufe.

Mai Hoto: Mai kyamara ya kafa saurin ƙyaftawa da faɗin buɗewa da hannunsa, ya bar ISO a atomatik yana bin haske. Leda da robar ɗauri sun isa yayyafi. Iskar da ke gaban ruwan ta fi ruwan haɗari ga kaya, da ta taso a sa a jaka.

Koci: Da na ji tsawa ni wasa ya tashi, ba na barin ɗan kowa a fili don hoto. Amma ku bar ni in ce wani abu. Duk gardamar nan a kan rabin awa ɗaya ce, kuma dalilinta yara ba sa tashi daga Islamiyya da wuri. Ranar Alhamis babu karatu. Sai mu mayar da wasannin gasa can, a take da an idar da la'asar, a gama da sauran haske.

Baban Sadik: Na yarda da Alhamis. Amma ban janye maganata ba. Zan tsaya bayan raga kamar yadda Kawu ya ce, Malam ya tsaya kusa da ni da kyamaratai, mu ɗauki bugun kwana guda, na farkon wasa da na ƙarshe, iyaye su duba.

Mai Hoto: Na amince. Na farkon ina jin za mu yi kusa. Na ƙarshen nake so ka buɗe shi sosai ka dubi ƙwallon.

Maman Khalifa: Roƙona ɗaya, hotunan su tsaya a nan tsakaninmu. Wanda zai kai Facebook ya fara tambayar iyayen yaran da suka fito a ciki.

Koci: Haka za a yi Hajiya. Yara su hallara ƙarfe huɗu, kowa da gorar ruwansa.