Ta yaya masu ba da gudummawa za su yarda da mu?

Mai tambaya, Azare: Assalamu alaikum. Iska ta yaye rufin ajujuwa 2 a firamaren unguwarmu, muna son kafa gidauniya kafin damina. Me ke sa mutane su saki jiki su bayar?

Ma'aji, Bauchi: Wa'alaikumussalam, Malam. Kada kobo ya shiga asusun mutum ɗaya, ko da hedimasta ne. Ku buɗe asusun banki da sunan kwamitin kula da makaranta (SBMC), masu sa hannu 3, kuɗi ba ya fita sai 2 sun sa. Rasit mai lamba ga kowa, har mai naira 500. Yawanci ba sata ke rusa gidauniya ba, kuɗin hannu ne da ba a rubuta ba. Ranar lissafi a rasa bayani, zargi ya shigo.

Malama, Misau: Ku faɗi abin da za a saya: bandir nawa na kwano, katako, ƙusa, ladan kafinta. Ku karɓo farashi daga shago 3. Wani ɗan kasuwa ya fi son kawo kwanon da kansa, ku rubuta shi ma.

Ma'aji, Bauchi: Gaskiya ne, Malama. Sannan a liƙa lissafi a allon sanarwa duk Juma'a, da hoton aikin a WhatsApp. Mai unguwa da liman su shaida.